Shin sai mun ɗauki mashawarci kafin mu koma sabuwar manhajar kamfani?

Wani manajan kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano ya aiko mini da tambaya. Ya ce sun fi shekara goma suna gudanar da lissafinsu da manhajar QuickBooks tare da tarin takardun Excel, yanzu kuma kasuwanci ya bunƙasa, suna da sito biyu da reshe a wani gari, har alƙaluman sito da na ofishin akanta sun daina haɗuwa. An ba su shawarar komawa babbar manhaja irin Odoo ko SAP Business One, sai dai da suka nemi farashi, kuɗin da mashawarcin ya nema ya zarce kuɗin lasisin manhajar kanta. Mai kamfanin ya ce ɓarnar kuɗi ce, tunda suna da ma'aikacin kwamfuta wanda zai iya ɗora manhajar. Manajan yana so ya san aikin da mashawarci yake yi da har ya cancanci wannan kuɗi, da kuma ko za a iya yin ƙaurar ba tare da shi ba.

Malam, amsata ita ce kuna buƙatarsa, amma ba a kan abin da mai kamfanin yake zato ba. Alhaji, wato mai kamfanin, yana da gaskiya cewa ɗora manhaja a kan kwamfuta ba aiki ne mai wuya ba, kuma ma'aikacinku zai iya gama shi a yini ɗaya. Abin da ake biyan mashawarci dominsa shi ne ya taɓa bin wannan hanya sau da yawa, ya san inda ake yin tuntuɓe, alhali ku wannan ne karonku na farko, wataƙila kuma ba za ku sake yin irinsa ba sai bayan shekaru masu yawa. Sai dai akwai abin da ba ya sayuwa a wurinsa ko nawa kuka biya, wato sanin yadda kasuwancinku yake tafiya da kuma ɗaukar alhakin shawarar da aka yanke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mafi yawan ayyukan da na ga sun lalace sun lalace ne saboda kamfani ya miƙa wa baƙo wannan ɓangaren tare da sauran aikin.

Dalilin da ya sa kuɗin aikin yake zarce kuɗin lasisi shi ne irin wannan manhaja tana zuwa ne kamar gidan da aka gina ba a raba ɗakuna ba. Ita ce za ta haɗa saye da sayarwa da sito da bashi da albashi da haraji a wuri ɗaya, ta yadda idan aka fitar da katan ɗaya daga sito, nan take adadin kaya zai ragu, bashin dila ya ƙaru, lissafin riba kuma ya motsa. Kafin ta yi haka daidai, sai an faɗa mata yadda aka tsara asusun kamfani, da wanda yake da ikon ba da ragi da iyakar ragin, da yadda ake lissafa harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da kayan da aka ɗauke wa shi, da abin da ake yi idan kaya suka dawo a lalace. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan shawara ce ta kasuwanci, kuma kuskure a ɗaya yana bin sauran har cikin rahoton ƙarshen shekara.

Kafin ku sa hannu da kowa, ya kamata ku san cewa mutanen da ake kira mashawarta ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ba ya sayar da kowace manhaja, aikinsa ya duba bukatunku ya taimake ku zaɓe. Akwai wakilin kamfanin manhaja, wanda yake samun kamasho a kan lasisin da kuka saya sannan ya karɓi kuɗin girka ta. Na biyun ba abin zargi ba ne, domin galibi shi ne ya fi sanin manhajar ciki da waje, amma ba shi ne za ku tambaya wace manhaja ta fi dacewa da ku ba, tunda amsarsa a bayyane take. Ku tambayi mutumin da ya ba ku farashi, a fili kuma a rubuce, ko yana da kaso a cikin kuɗin lasisin.

Aikin farko na mashawarcin kirki ba a gaban kwamfuta yake yin sa ba. Zai je sito ya tsaya ya ga yadda ake sauke mota, ya zauna kusa da kashiya ya ga yadda ake yanke rasit, ya tambayi akanta abin da yake cinye masa lokaci a ƙarshen wata. Daga nan ne ake zuwa ga shawarar da ta fi kowace nauyi a aikin baki ɗaya: a wane wuri kamfani zai sauya yadda yake aiki ya bi tsarin manhajar, a wane wuri kuma za a sauya manhajar ta bi tsarin kamfani. Ma'aikata kusan kullum suna son na biyun, domin kowa yana son sabon abu ya yi kama da wanda ya saba. Mashawarcin da ake biya gwargwadon kwanakin da ya yi aiki shi ma ba zai ƙi ba, tunda kowane gyara ƙarin kwanaki ne. Amma duk gyaran da aka yi wa manhaja nauyi ne da za ku riƙa ɗauka har abada, domin a duk lokacin da masu ita suka fitar da sabon zubi sai an sake gwada gyaran, wani lokaci a sake rubuta shi.

Kamfanin Lidl na Jamus, ɗaya daga cikin manyan masu kantuna a Turai, ya fara aikin komawa manhajar SAP a 2011, ya kuma watsar da shi a 2018 bayan an ruwaito cewa ya kashe kimanin Yuro miliyan 500. Daga cikin dalilan da jaridun Jamus suka kawo akwai cewa Lidl yana ƙiyasta darajar kayansa da farashin saye, manhajar kuma an gina ta a kan farashin sayarwa, sai kamfanin ya zaɓi a lanƙwasa manhajar maimakon ya sauya al'adarsa, gyara ya yi ta haifar da gyara. Hukumar birnin Birmingham a Ingila ta bi irin wannan hanya lokacin da ta bar SAP ta koma Oracle. An fara da niyyar karɓar manhajar yadda take, daga baya aka koma yi mata gyare-gyare don ta dace da tsofaffin hanyoyin aiki, da aka kunna ta a Afrilun 2022 kuma sai ta kasa daidaita kuɗin da ke shiga banki da abin da ke cikin littafi, ma'aikata suka koma yi da hannu. Aikin da aka yi wa kasafin kimanin fam miliyan 19 ya kai ana maganar fam miliyan 100. Waɗannan wurare ne masu kuɗi da ƙwararru da manyan mashawarta. Saboda haka ina auna mashawarci da yawan lokutan da ya iya cewa a'a, ya kuma kawo dalili. Ba ina nufin kada a taɓa yin gyara ba. Idan kuna da wata hanyar ba da bashi ga dilolinku wadda ita ce ta bambanta ku da abokan gasa, wannan ta cancanci a kashe mata kuɗi. Wanda zai tantance ko ita ce asirin cinikinku ko kuwa sabo ne kawai shi ne Alhaji da ku manajoji, ba baƙon da ya zo watan jiya ba.

Sai maganar kwashe bayanai, wadda a nan ne mafi yawan wahalar take, kuma a nan ne masu kamfani suka fi raina aikin. Na taɓa aiki da wani kamfanin sari inda muka fitar da jerin masu bashi daga tsohuwar manhaja, sai muka tarar da dila ɗaya a wurare huɗu: an rubuta shi da sunansa na yanka, an rubuta shi da laƙabin da aka san shi da shi a kasuwa, an rubuta shi da sunan shagonsa, sannan an sake buɗe masa wani asusu da sunan yaron da yake zuwa ɗaukar masa kaya. A asusu biyu ana bin sa, a ɗaya shi yake bin kamfani. Babu wata dabarar kwamfuta da za ta gane cewa mutum ɗaya ne. Wanda ya warware mana shi ne wani dattijo mai kula da sito, wanda ya ciro wani littafi mai baƙin bango daga aljihun teburinsa, ya bi shafukan da yatsa yana faɗa mana wane ne wane. Mun yi kwanaki muna zaune da shi da akanta a kan wannan jeri kaɗai. A wurin kaya ma haka muka samu: abu ɗaya an shigar da shi wani lokaci da katan, wani lokaci da dozin, wani lokaci da ɗai-ɗai, ba tare da an rubuta nawa ne a cikin katan ba. Da an kwashe su yadda suke, da sabuwar manhajar ta nuna kaya a sito waɗanda babu su a ƙasa tun ranar farko, ma'aikata kuma su ce manhajar ce ba ta aiki.

Rabon aiki a nan a bayyane yake. Mashawarci shi ne zai tsara yadda kowane bayani na tsohuwar manhaja zai sami gurbinsa a sabuwa, ya rubuta hanyar kwashewa, ya fitar da jerin abubuwan da suka maimaitu ko suka saɓa wa juna. Ku ne za ku ce wanne ne daidai. Shi ne kuma zai ba ku shawarar yawan tarihin da za a kwashe, kuma shawarata ga kamfani irin naku ita ce a ɗauki jerin diloli da masu kawo kaya da kayayyaki bayan an tsabtace su, da ragowar kowane asusu a ranar ƙaura, da takardun bashin da ba a biya ba tukuna. Cinikin shekarun baya a bar shi a tsohuwar manhaja, a kulle ta yadda za a iya dubawa amma ba za a iya sauyawa ba, saboda masu binciken kuɗi da jami'an haraji. Kafin ranar kuma dole a yi ƙidayar kaya ta zahiri a kowane sito, domin adadin da aka ƙirga da hannu shi ne zai shiga, ba wanda tsohon littafi yake faɗa ba.

Ba a yin ƙaura sau ɗaya. Ana yin ta gwaji aƙalla sau biyu a kan kwafin manhajar, bayan kowane gwaji kuma akanta ya zauna ya gwada jimillar bashin da ake bin diloli, da jimillar wanda ake bin kamfani, da darajar kayan sito, da abin da ke banki, ya ga ko sun yi daidai da na tsohuwar har zuwa kobo. Idan akwai bambanci, sai an gano tushensa kafin a ci gaba, ko da kuwa kaɗan ne, domin ƙaramin bambanci yana iya zama manyan kurakurai biyu da suka kusa share juna. Bayan haka ma'aikatanku, ba na mashawarci ba, su gwada aikin yini guda cikakke, har da abubuwan da ba sa faruwa kullum: dilan da ya biya rabi da tsabar kuɗi rabi ta banki, motar da ta iso da kaya ba su cika ba, rasit ɗin da aka yanke bisa kuskure. Abin da ya faru da bankin TSB a Birtaniya a Afrilun 2018 ya nuna muhimmancin wannan mataki. Bankin ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa miliyan 5.2 zuwa sabon tsarin da wani kamfanin fasaha na uwar bankin, Sabadell ta Sifen, ya gina. Bayanan sun isa, amma tsarin ya kasa ɗaukar aikin, mutane da yawa suka kasa shiga asusunsu, al'amura ba su daidaita ba sai a Disamba. Abin ya ci wa bankin kimanin fam miliyan 330, shugabansa Paul Pester ya sauka a watan Satumba na shekarar, a Disamban 2022 kuma hukumomin kula da harkar kuɗi suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65. Abin lura gare ku shi ne tarar ta faɗa kan bankin ne, kuma cikin laifukan da aka kama shi da su akwai rashin sa ido yadda ya kamata a kan waɗanda ya ba aikin.

Zaɓen ranar ƙaura shi ma shawara ce da ake yi tare. Kamfanin alewa na Hershey a Amurka ya matse aikin da aka ce zai ɗauki wata 48 zuwa wata 30, ya kunna sabon tsarinsa a Yulin 1999, daidai lokacin da odar Halloween, bikin da ake sayen alewa sosai a cikinsa, take shigowa, sai ya kasa kai kayan kimanin Dala miliyan 100 ga masu saye alhali kayan suna cikin sito. A wurinku, makonnin da ke gaban azumi da na sallah su ne irin wannan lokaci, haka ma ƙarshen shekarar lissafi idan akanta yana fama da rufe littattafai. Mashawarcin da ya zo daga wani gari ba lalle ne ya san lokacin da kasuwarku take cika ba, kuma yana iya son a gama da wuri saboda wani aikin da ke jiransa. Mu ma a nan mun ga yadda abin yake a ƙarshen 2024, lokacin da bankuna irin su Sterling da Zenith da GTBank suka sauya manyan manhajojinsu, abokan hulɗa da yawa suka yi ta kukan tura kuɗi ba ya tafiya. Kuma a rubuta tun kafin ranar abin da za a yi idan al'amari ya ƙi: wa yake da ikon cewa a koma tsohuwar manhaja, zuwa wane lokaci ne komawar take yiwuwa, da kuma yadda za a ci gaba da yanke rasit da hannu idan wuta ko intanet ta ɗauke a reshe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda duk wannan, abin da na fi so ku yi kafin ku ɗauki kowa shi ne ku naɗa mutum ɗaya daga cikinku a matsayin mai aikin, wanda ya san kasuwancin, wanda ma'aikata suke jin maganarsa, wanda kuma Alhaji ya ba shi ikon yanke shawara ba tare da an jira shi ya dawo daga tafiya ba. A rage masa wasu ayyukansa na yau da kullum, domin ba zai iya riƙe biyun ba. Ma'aikacin kwamfutarku ya kasance tare da mashawarcin a kowane mataki, yana gani yana koyo, domin shi ne zai riƙe manhajar bayan kowa ya watse. Wannan shi ne matsayinsa na gaskiya a aikin, kuma matsayi ne babba, amma ɗora masa aikin duka shi kaɗai zalunci ne a gare shi, tunda za a tambaye shi abubuwan lissafi da haraji waɗanda ba fanninsa ba ne, idan aka sami matsala kuma shi za a zarga.

A takardar yarjejeniya, ku raba biyan kuɗi bisa abin da aka kammala kuka kuma amince da shi, ba bisa kwanakin da suka wuce ba, ku riƙe wani kaso mai kauri har sai an rufe lissafin wata na farko a sabuwar manhaja lafiya, domin a nan ne ɓoyayyun kurakurai suke fitowa. Ku nemi a rubuta sunayen mutanen da za su yi aikin, saboda ya zama ruwan dare babban ƙwararre ya zo neman kwangila, bayan an sa hannu kuma a turo masu koyon aiki. Lasisin manhajar da asusun da aka ajiye bayananku a intanet su kasance da sunan kamfaninku, babbar kalmar sirri kuma tana hannunku tun daga ranar farko. Na ga kamfanin da ya saɓa da wanda ya girka masa manhaja, sai a lokacin ya gano cewa komai da sunan mutumin aka yi rajista, ya zama sai da yardarsa za su ga lissafinsu. Tunda kuma mashawarcin zai ga albashin ma'aikata da lambobin wayar diloli da bayanan bankinsu, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe ku, don haka a rubuta abin da aka yarda ya yi da bayanan da lokacin da zai goge kwafin da ke hannunsa.

Bayan an kunna manhajar, aikin mashawarci yana sauya kama. Makonnin farko ana buƙatarsa a kusa, a sito da ofis, domin ma'aikacin da ya maƙale da layin masu saye a gabansa zai koma takarda da biro idan bai sami mai taimaka masa nan take ba, daga nan kuma sai a wayi gari da lissafi biyu. Bayan wannan sai a koma yarjejeniyar kulawa mai iyaka, wadda ta fayyace saurin amsa kira da abin da kuɗin wata ya ƙunsa, kamar sabunta manhaja da gwada cewa kwafin ajiya yana dawowa idan an buƙace shi. Kulawar ba ta ƙarewa, domin masu manhaja suna daina tallafa wa tsohon zubi. SAP, alal misali, ta sanar cewa tallafinta na yau da kullum ga tsohuwar babbar manhajarta zai ƙare a 2027, abin da ya tilasta wa kamfanoni da dama a duniya shirin wata ƙaurar. Amma idan bayan shekara guda har yanzu sai kun kira shi kafin ku buɗe wa sabon ma'aikaci asusu ko ku ƙara sabon kaya, to bai miƙa muku aikin ba, kuma ya kamata koyarwa da rubutaccen bayanin duk saitin da aka yi su kasance cikin abubuwan da sai an kawo su za a biya kason ƙarshe.

Da a ce shago ɗaya ne da ku, da mutum biyu ko uku masu shigar da lissafi, da na ce ku yi da kanku tare da akanta mai hankali. Da sito biyu da reshe da diloli masu karɓar kaya bashi, ban ga hikimar hakan ba. Abin da zan ba ka shawarar ka kai wa Alhaji shi ne kada a amince da farashin nan gaba ɗaya yanzu, kada kuma a yi watsi da shi. Ku biya mashawarcin kuɗin mataki na farko kaɗai, na 'yan makonni, ya zagaya sitocinku da reshen, ya duba bayananku, ya kawo rubutaccen rahoto mai nuna yadda kuke aiki, da inda manhajar ta dace da ku da inda ba ta dace ba, da ƙiyasin kuɗi da lokaci ga kowane mataki. Rahoton ya zama mallakinku, kuna iya kai shi ga wani ya ba ku nasa farashin a kansa. Kafin ku ci gaba da shi kuma, ku nemi ya haɗa ku da kamfanoni biyu masu irin sana'arku da ya yi wa aiki fiye da shekara guda da ta wuce, ku je da kanku, ku nemi ganin akanta da mai kula da sito, ku tambaye su yadda rufe lissafin watansu na farko ya kasance.